Kowa Na So, Ba Mai Ɗauka

A gidan, ɗakin da ya fi kowanne girma shi ne wanda ba mai kwana a cikinsa. Taga biyu gare shi, ɗaya tana kallon titi, ɗaya tana kallon tsakar gida, amma an daɗe rabon da a buɗe ko guda, domin babu hanyar da mutum zai bi ya kai gare su. Ɗakin kayan marigayi ake ce masa, ko da yake kayan marigayin ba su kai rabin abin da ke ciki ba.

Matar gidan ita ce 'yar fari a wurin iyayenta, shi ya sa kowa yake kiranta Yaya, har waɗanda suka girme ta. Ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya. Bayan mahaifinsu ya rasu, mahaifiyarsu ta bi shi, sai ƙannenta biyu suka ce ta ci gaba da zama a gidan ita da mijinta, tunda ita ta yi jinyar tsofaffin. A lokacin ta ɗauka karamci aka yi mata. Sai daga baya ta gane aikin gadi aka ba ta, ba albashi ba ranar hutu.

A ɗakin akwai keken hawan Baba, ba sarƙa ba birki. Akwai keken ɗinkin Inna, da gadon ƙarfe, da talabijin mai ƙatuwar ƙeya wanda ya daina magana tun yaran gidan suna firamare, da mataccen firiji da aka cika da tsofaffin takalma. Da ƙannen suka ga wuri ya samu, sai kowa ya ƙaro nasa. Ƙaninta, wanda ake kira Lauya saboda aikinsa, ya jibge kwalayen littattafansa na makaranta da wani kofi da ya ci a gasar muhawara. Auta kuwa ta kawo gadon jaririn ɗanta, yaron da yanzu har ya fara aske gemu. A tsakiyar wannan tarkace aka girke wata kujera mai hannuwa, an lulluɓe ta da zani. Ita ce kujerar Baba, kuma ba a yarda kowa ya zauna a kanta ba.

Yaya ce mai kakkaɓe ƙura, ita ce mai zuba maganin ɓera, ita ce mai tara bokiti idan rufin ya yi yoyo. Su kuma ƙannen sukan leƙo sau ɗaya ko biyu a shekara, su tsaya a bakin ƙofa, su yi ajiyar zuciya, su ce Allah ya jiƙan mazan jiya, sannan su tambaya ko an dafa shayi.

Wata safiya mijinta ya shiga ɗakin neman filaya. Tsohon ma'aikacin gidan ruwa ne, ana ce masa Injiniya ko da yake iyakarsa karanta mita. Mutum ne marar hayaniya, shi ya sa da Yaya ta ji ƙarar rugujewar kaya daga kicin, sannan ta ji muryarsa can ƙasa-ƙasa yana kiranta, ta san abin ba na wasa ba ne. Ashe ya ja wani kwali ne, katifar da aka jingine a sama ta sulmiyo, ta taho da tsohuwar fanka da littattafan Lauya, suka binne shi. Ƙafarsa ɗaya kawai ake gani.

Sai da ta kira maƙwabcinsu, wani dattijo mai kanti, suka tono shi tare. Garin jan katifar zanin kujerar ya zame. Mai Kanti ya tsaya yana kallon kujerar na ɗan lokaci, kamar zai yi magana, sai kuma ya yi wa Injiniya sannu ya koma kantinsa.

Targaɗe ne a idon sawu. Yaya tana naɗa masa bandeji, Injiniya ya dubi silin ya ce, "Maman yara, surukina mutumin kirki ne, amma yau saura kaɗan ya aiko a tafi da ni."

Ba ta yi dariya ba. Ta gama ɗaurin, ta wanke hannu, ta ɗauki waya ta kira ƙannenta ta ce tana son ganinsu ranar hutun mako, za a kwashe ɗakin.

Lauya ne ya fara isowa, kuma bai zo shi kaɗai ba. Ya biya ya ɗauko Gwaggo, ƙanwar mahaifinsu, tsohuwa mai kaifin harshe wadda kunnenta yake toshewa idan maganar ba ta yi mata ba. Ya kawo ta ne don ta tsawatar wa Yaya. Auta ta biyo baya da waya a hannu, idonta ya riga ya yi ja tun daga mota.

Aka tsaya cirko-cirko a bakin ƙofar ɗakin, tunda ba wurin zama a ciki. Lauya ya gyara murya ya fara jawabi kamar yana gaban alƙali. Ya ce al'ummar da ta zubar da tarihinta ta zubar da kanta. Ya ce keken nan shi ya kai su makaranta, talabijin ɗin nan shi ya buɗe musu ido, kuma duk wanda ya sa hannu ya fitar da su, to da hannunsa ya sake binne iyayensa. Auta tana kuka tana ɗaukar hoto. Kafin ya kai ƙarshen jawabin har ta ɗora hoton firijin a waya, ta rubuta a ƙasa cewa akwai abubuwan da kuɗi ba ya saye.

Yaya ta bari ya gama. Sannan ta ce ta ji, kuma ta yarda da kowace kalma. Tunda kayan suna da daraja haka, bai kamata ita kaɗai ta cinye ladan ba, kowa ya zaɓi nasa ya tafi da shi yau.

Nan take murya ta sauya. Lauya ya ce ai ta san gidansa, falon ƙarami ne, garejin kuma mota ce a ciki, ga matarsa ba ta shiri da ƙura. Auta ta ce ita a bene take, wa zai hau mata da gadon ƙarfe. Suka haɗa baki suka ce kaya irin wannan ba a raba shi da inda ya saba, a nan ya fi kyau.

"Ni mai ɗaki ni na san inda yake min yoyo," in ji Yaya. "Ku kuna so, ni ina shara."

Da Lauya ya ga magana tana neman kuɓuce masa, sai ya kutsa ciki, ya yaye zanin kujerar, ya dafa hannunta. Ya ce ko me za a fitar, ban da wannan. Ya ce yana rufe ido yana ganin Baba a kanta da yamma, da tabarau a karan hanci, yana duba littattafan ɗalibansa. Auta ta durƙusa ta kifa kai a kan matashin kujerar, ta ce wallahi har yanzu ƙamshin turarensa yana nan. Ita kanta Yaya sai da ta kau da kai.

Lauya ya juya ya ce Gwaggo ta yi magana, ita ce babba.

Gwaggo ta matso da sandarta, ta ƙura wa kujerar ido, ta ƙwanƙwasa ƙafarta. "Wannan ai ba kujerar yayana ba ce," ta ce. "Tasa ta katako ce, gara ta cinye ta tun yana da rai. Wannan ta Mai Kanti ce. Ni da kaina na aika aka aro ta lokacin da mutane suke zuwa gaisuwar rasuwarsa, kujeru suka yi mana kaɗan. Au, ba ku mayar ba?"

Auta ta ɗago kai a hankali, ta kakkaɓe gwiwarta. Lauya ya janye hannunsa, ya ce dama shi ma ya ɗan yi shakka a kan launin. Daga falo aka jiyo Injiniya yana wani tari wanda bai yi kama da tari ba.

Yaya ta sa Lauya ya kama gefe ɗaya, ita ta kama ɗaya, suka tsallaka da kujerar zuwa kanti. Mai Kanti ya ce tabbas tasa ce, ya gane ta ranar da aka tono Injiniya, amma kunya ta hana shi magana, kamar yadda ta hana shi tun farko. Ya ce ya yafe duniya da lahira, su riƙe abarsu, domin shi ma matarsa ta cika gidan ba masaka tsinke.

"Ba yafiya muka zo nema ba, Alhaji, wuri muke nema," in ji Yaya, ta dire ta a ƙofar kantin. A nan kujerar ta zauna. Tun daga ranar duk wanda ya zo sayen sabulu sai ya ɗan huta a kanta, kuma wanda ya fi kowa morar ta shi ne Injiniya, da yake ɗingisawa can kowace la'asar ya miƙe ƙafa.

Ƙannen suka tafi ba wanda ya ɗauki ko tsinke. Yaya ta ba su lokaci, lokacin ya wuce. Sai ta yi hayar motar ɗaukar kaya, ta sa aka loda, ta shiga gaba kusa da direba da jakarta a cinya.

Gidan Lauya aka fara zuwa. Matarsa ta fito daga wani falo fari tas, mai santsin daɓe, ta tarar ana sauke kwalaye da keken hawa da talabijin a kan shimfiɗar ƙofarta. Ta gaishe da Yaya cikin ladabi, tana murmushin da bai wuce haƙora ba. Yaya ta ce mata ga tarihin maigidanta nan ta kawo, a kula da shi, ba ya son danshi. Daga nan aka wuce gidan Auta, aka hau bene da gadon jariri da gadon ƙarfe ana nishi, maƙwabta suna leƙe.

Tarihin bai yi mako guda a gidan Lauya ba. Matarsa ta kira ɗan gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, ya kwashe keken da talabijin ɗin, littattafan kuma aka ba mai sayar da gyaɗa ya riƙa ƙunshi da su. Kofin muhawarar kaɗai ya tsira, shi ma don an ga zai yi zuba makullai. Da Yaya ta kira ta tambayi lafiyar kayan, Lauya ya yi mata bayani a natse cewa mutum mai ilimi ya san tunawa da iyaye a zuciya take, ba a ƙarfe ba. Auta kuwa ta ba wata maƙwabciyarta mai ciki gadon jaririn, ta ɗauki hoto tana miƙa mata, ta ɗora a waya ta rubuta cewa hannun da ke bayarwa ba ya bushewa.

Yaya ta ji daɗin wannan nasara ƙwarai. Ta riƙa ba da labarin ga duk wanda ya shigo gidan, tana ƙarawa da cewa ita aikin asibiti ya koya mata rabuwa da abu, ba ta da irin wannan raunin. Da aka janye firijin aka tarar da buhu cike da tsofaffin kawunan famfo a bayansa, Injiniya ya ce wataƙila na marigayi ne. Ta tuna masa cewa marigayi malamin makaranta ne, ta sa aka fitar da buhun yana kallo. Ya bi shi da ido har ƙofa kamar mai rakiyar ɗa zuwa tasha.

Abin da ya rage sai na ɗan gwangwan. Ta kira shi, ya zo da kurarsa ta tura kaya da ma'auninsa mai ƙugiya. Ya ɗauki fankar, ya ɗauki firijin, yana ɗagawa yana taɓe baki. Sannan ya kai hannu kan keken ɗinkin Inna, ya girgiza shi, ya ce wannan ƙarfen da ne mai nauyi, idan aka fasa shi zai yi auki.

Kalmar fasawar ce ta soke ta. Ta ce ya dakata ta duba ko an bar wani abu a aljihun keken. Ta jawo ɗan aljihun, warin man keke ya bugi hancinta. Ga almakashin Inna mai baƙin hannu, ga guntun alli, ga ƙwarƙwaro da sauran koren zare a jikinsa. Sai ta ga kanta tana ƙarama, kwance a tabarma kusa da ƙafar keken, tana kallon tafin ƙafar Inna yana hawa yana sauka, har barci ya ɗauke ta. Ba ta san lokacin da ta buge hannun mutumin ba.

"Wannan ba na sayarwa ba ne."

Ya ce ai ita ta kira shi. Ta ce ta kira shi, yanzu kuma ta sallame shi.

Yaya ko maɓalli ba ta iya ɗinkawa da kyau ba, amma ta ja keken nan har ɗakin kwanansu, ta girke shi a ƙarshen gado, ta lulluɓe shi da zani. Ta gargaɗi Injiniya kada ya kuskura ya faɗa wa Lauya. Bai faɗa ba. Sai dai washegari da ya tashi zai fita ya yi tuntuɓe da ƙafar keken, da lafiyayyar ƙafarsa. Ya dai koma ɗingishi da ƙafa biyu, yana bin bango, kuma duk lokacin da ya zo wucewa ta gabanta sai ɗingishin ya ƙaru.

Ta daure na wani lokaci. Kullum da safe ta kakkaɓe keken, ta zagaye shi ta gyara gado, ta buge gwiwa a jikinsa. Wata rana tana cikin kakkaɓar ta tsaya da tsumma a hannu, ta ga abin da take yi, kunya ta kama ta ita kaɗai a ɗaki. Ta zauna a bakin gado ta yi kukan da ba ta samu sukunin yi ba lokacin rasuwar Inna, saboda a lokacin ita ce mai karɓar baƙi da rarrashin ƙanne. Da ta gama ta wanke fuska, ta cire almakashin ta sa a jakarta, ta aika aka kira telan bakin layi.

Telan ya duba keken, ya juya shi, ya ce lafiyarsa ƙalau, mai kawai yake so da sabon bel. Ta ce ta ba shi kyauta, da sharaɗin ba za a fasa ba, ba za a sayar ba. Kafin yamma keken yana ta sheƙa gudu a shagonsa.

Daga nan Yaya ta zama mai yawan kayan gyara. Yau ta kai zani a kama masa baki, gobe ta kai rigar Injiniya wadda ba abin da ya same ta. Idan ta je sai ta tsaya a kansa, ta ce yana taka shi da ƙarfi, ta tambaya ko ya sa masa mai, ta ce Inna ba ta barin sa a rana. Telan ya yi haƙuri har ya gaji. Ran nan ya ɗago kai ya ce, "Mama, ki yi haƙuri, keke ne fa, ba majinyaci ba." Ta harare shi, amma ta rage zuwa.

Ɗakin kuwa aka gyara rufinsa, aka yi masa fenti, aka buɗe tagogin da ƙyar don sun yi tsatsa. Iska ta ratsa shi daga wannan gefe zuwa wancan. Yaya ta shimfiɗa darduma, ta sa gado ƙarami da fanka sabuwa, tana shirin mayar da shi wurin hutawarta da rana. Idan ta yi magana a ciki har amsa-kuwwa take ji.

Ba ta gama more shi ba Gwaggo ta zo duba ƙafar Injiniya. Aka kai ta ta ga ɗakin. Ta zagaya shi da sandarta, ta leƙa tagar titi, ta zauna a bakin gadon ta gwada laushin katifar, sannan ta kishingiɗa. Ta ce gidan ɗanta zafi gare shi, ga jikoki da hayaniya, ga surukarta da ba ta iya dafa shayi ba. Yaya ta ce ai kuwa yamma ta yi, kada ta rasa mota. Kunnen Gwaggo ya toshe nan take.

Ta kwana, ta ƙara kwana. Da ɗanta ya kira ya ce zai aiko mata da kayanta, akwatuna da kwanuka da wata tsohuwar kwaba, Yaya ta karɓi wayar. Ta ce Gwaggo uwa ce, ta zauna iya son ranta, amma akwati ɗaya za a shigo da shi. Ɗan ya fara cewa ai kayan suna da tarihi, ta ce ta sani, shi ya sa ta bar masa.

Haka Gwaggo ta zama mai ɗakin. Takan ja kujerar roba bakin taga tun da hantsi, tana ba da rahoton duk wanda ya wuce a titi, wa ya rame, wa ya yi ƙiba, wa ya sake mota ba a san sana'arsa ba. Yaya takan yi mita a kicin, amma da ta gama aiki sai ta ɗauko nata shayin ta zo ta zauna kusa da ita.

Matsala ɗaya ce. Gwaggo ba ta yarda a zubar da gwangwanin madara. Takan wanke shi tas ta tura ƙarƙashin gado, wai wata rana zai yi amfani. Yaya takan jira ta shiga wanka ta kwashe su ta kai bola. Gwaggo ta gane, sai ta koma ɓoye su a bayan labule da cikin akwati, har da ƙarƙashin matashin kai. Ba wadda ta taɓa yi wa 'yar'uwarta maganar. Injiniya, da ƙafarsa ta warke, ya ce shi ba ruwansa da faɗan manya, ko da yake Yaya ta taɓa kama shi yana miƙa wa Gwaggo gwangwani biyu ta taga.